Injin Motar Lantarki da Takardar Garanti: Aljihun Wa Za a Taɓa Idan Ta Tsaya?



Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, shugabannin kanikawa da dillalan motoci da na hango a layin gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Da takardar gayyata ta iso mini, an nemi in yi magana a kan motar lantarki baki ɗaya. Sai na roƙi alfarmar a rage mini kayan, domin duk wanda ya tashi zancen motar nan batir yake kamawa: awa nawa yake ɗauka kafin ya cika, kilomita nawa yake kaiwa, yana gobara ko ba ya yi. Abin da yake juya tayoyin kuwa ba mai waiwayarsa sai ranar da ya fara kuka. A kansa zan tsaya yau, da kuma takardar nan da ake kira garanti, wadda ita ke faɗin aljihun wa za a taɓa idan ya lalace. Turawa moto suke ce masa, mu kuma tun tuni mun raɗa wa motar dungurungum wannan suna, saboda haka inji zan riƙa kiransa, kanikawa ku yi mini uzuri.

Duk wanda ya taɓa kai fankarsa ko injin rijiyar burtsatse wajen mai naɗin kwail ya riga ya ga cikin injin motar lantarki, ko da bai sani ba. Ku tuna yadda malamin yake zaune a bakin shago, ya kifa ƙonannen kwail tsakanin ƙafafunsa, yana sare tsohuwar waya da kurfi, warin ƙonannen banish ya cika wurin, sannan ya ƙirga zagayen wayar ɗaya bayan ɗaya ya rubuta a bayan kwalin sigari don kada ya manta. Abu biyu ne a gabansa: kwail da ke zaune ba ya motsi, da amecha da ke juyawa a cikinsa. A ba kwail wuta, ya haifar da ƙarfin maganaɗisu mai zagayawa, amecha ya bi shi. Shi ke nan. Nikola Tesla ya yi rajistar irin wannan inji tun 1888, kuma da sunansa aka raɗa wa kamfanin da za mu yi ta ambato yau. Babu fistin, babu ringi, babu fulogi, babu salansa, babu juyen baƙin mai duk wata uku. Don haka idan dillali ya ce muku injin motar lantarki ba ya ba da wahala, bai yi ƙarya duka ba.

Inda aka rabu da fanka shi ne gudu da zafi. Injin fetur a kan hanya yakan yi juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti. Na motar lantarki yana iya kaiwa 16,000, wasu ma su zarce. Ba a haɗa irin wannan gudu da taya kai tsaye, sai an bi ta akwatin giya mai giya ɗaya tak, wanda a tsohuwar Tesla Model S yake mai da juyi kusan 10 na inji ya zama juyi 1 na taya. Sannan wutar da ke cikin batir a miƙe take gudana, inji kuma mai kaɗawa yake ci, don haka akwai inbata a tsakaninsu, ɗan'uwan wanda kuke haɗa wa sola a gida, sai dai wannan da wuta mai ƙarfin bolt 400 yake aiki, a wasu sababbin motoci kamar Hyundai Ioniq 5 da Porsche Taycan har kusan 800. Inji da akwatin giya da inbata, kamfanoni da yawa sun haɗe su a gida ɗaya, sun zama dunƙule guda. Ku riƙe wannan, don a nan kuɗin yake. Idan abu kamar ƙwayar gero ya lalace a cikin dunƙulen, garejin kamfani ba ya cika buɗewa ya nemo shi. Sauke dunƙulen yake yi gaba ɗaya, ya ɗora wani.

Model S ta fito a 2012, kuma ita ce ta fara koya wa duniya wannan karatu. Edmunds, wata kafa ce a Amurka da ke sayen motoci da kuɗinta ta yi ta hawa tana rubuta abin da ta gani, ta sayi ɗaya a 2013. Cikin tafiyar kusan mil 30,000 sau 3 aka canja mata dunƙulen inji, batir kuma sau 1. Masu motar a wurare daban-daban suka riƙa kawo ƙorafi iri ɗaya: wani gurnani kamar na injin niƙa yana tasowa daga baya, ko wani ƙwas idan an taka totur. A tsakiyar 2014 shugaban Tesla, Elon Musk, ya shaida wa masu hannun jari cewa da yawa daga injinan da aka sauke lafiyarsu ƙalau, wani lokaci abin da ake bukata bai wuce wata 'yar washa da kuɗinta bai fi rabin dala ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya tsawaita garantin injin motoci masu babban batir daga shekara 4 ko mil 50,000 zuwa shekara 8 ba tare da iyakar tafiya ba, kuma ya haɗa har da waɗanda aka riga aka sayar. Ni a ganina wannan shawara ce ta ceci sunan motar. Aibin bai tafi a ranar ba, har mujallar Consumer Reports ta janye yabonta ga motar a Oktoban 2015 saboda yawan zuwa gareji, amma mai mota ya daina jin zafin, tunda ba shi ke biya ba. Akwai wani Bajamushe da ya yi suna saboda Model S ɗinsa ta haura kilomita miliyan 1.9. Jaridu sun fi son wannan adadi. Ni wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne an canja masa inji fiye da sau 10 a kan hanyar.

To, me yake kashe injin? Kwail ɗin kansa da wuya ya ƙone, don kwamfutar motar tana auna zafinsa, idan ya yi yawa ta rage ƙarfi da kanta. A Nissan Leaf da wasu motocin har hoton kunkuru ne yake fitowa a gaban direba, wato lallaɓa. Wanda ya fi mutuwa shi ne boris, kuma mutuwarsa a nan ta bambanta da wadda kuka sani. Inbata yana kunna wuta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, wannan kuma yana sa wata 'yar wuta ta taru a jikin shaf. Ba ta da hanyar fita sai ta cikin boris. Sai ta riƙa tsallakawa daga ƙwallon zuwa zoben, tana huda giris, kowane tsallake ɗan tartsatsi ne kamar na walda, yana barin ramin da ido ba ya gani. Bayan miliyoyin tartsatsi, idan ka fasa boris ɗin za ka tarar cikin zoben ya yi layi-layi kamar hanyar ƙasa da ruwa ya zaizaye. Daga nan gurnanin yake fitowa. Maganinsa sananne ne tun a masana'antu: boris mai ƙwallayen tangaran da wuta ba ta bi, ko wani ɗan burushi da ke taɓa shaf yana kwashe wutar.

Na biyu ya fi ban takaici, kuma shi ya fi shafarmu. A babban injin tsohuwar Model S, ruwan sanyaya inji yana shiga har cikin shaf ɗin amecha, wanda aka yi shi da rami kamar kara. Abin da ya raba ruwan da kayan wuta wani sil ne guda ɗaya, zobe ɗan ƙarami, shaf yana juyawa a cikinsa da wancan gudu da na faɗa. Shekara da shekaru yana gogawa, wata rana sai ya fara tsatsafo. Ba a ganin ɗigo a ƙasa, domin ciki yake zuba. Ya wanke giris ɗin boris, ya sa tsatsa, ya jiƙa kwail, ya gangara ya sami inbata. Mai mota bai san ana yi ba sai ranar da allo ya rubuta masa cewa motar ba za ta tashi ba. Masu gyara a Amurka da Turai sun gano hanyar dubawa mai sauƙi: a kwance ƙaramar na'urar da ke auna gudun amecha, noti ɗaya ne ya riƙe ta, a duba bakinta. Idan a bushe take, a gode wa Allah. Idan an ga ɗigon shuɗin ruwa, an riga an fara. Daga baya kamfanin ma ya fito da samfurin da aka toshe hanyar ruwan zuwa cikin shaf ɗungum. Kuma kada wani ya ce ai ni Toyota zan saya: RAV4 mai lantarki ta 2012 zuwa 2014 da Mercedes B-Class mai lantarki duk injin Tesla ne a cikinsu, ciwon kuma iri ɗaya.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Motar da aka sayar a 2013 da garantin shekara 8, garantin ya ƙare a 2021. Ta 2015 ta fita a 2023. Sil ɗin nan kuma a shekarun tsufa ya fi saki. Mai ita a can ya san canjin dunƙulen inji da aljihunsa dubban daloli ne, sai ya rabu da ita da araha. Wace hanya irin waɗannan motoci suke bi idan sun yi araha? Dillalai kun fi ni sani: jirgin ruwa, Kwatano ko Legas. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 mutane suka fara tambayar motar da ba ta shan mai, kuma wadda hannunsu zai kai gare ta ita ce wadda masu ita suka gudu daga gare ta.

Kada a ɗauka kamfani ɗaya na sa a gaba. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a Nuwamban 2020, a zamanin da Jelani Aliyu yake shugabancin hukumar tsara ƙirar motoci ta ƙasa, har aka kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, ita ma samfurinta na farko yana da nasa kuka a ƙasashen da ta yi yawa. Masu ita a Turai da Amurka sun yi ta ba da labarin wani ƙas-ƙas-ƙas a ƙaramin gudu, kamar yaro ya maƙala kwali a sifokin keke. An canja wa da yawa inji ko akwatin giya a ƙarƙashin garanti, haka ma 'yar'uwarta Kia Niro. Akwai kuma lalurar da ke kama da mutuwar inji alhali inji bai san zancen ba. Yawancin motocin lantarki suna da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, shi ke tayar da kwamfuta. A Ioniq 5 da Kia EV6 na'urar da ke yi masa caji ta riƙa lalacewa, batirin ya zube, mota ta rage gudu har ta tsaya. A Maris 2024 aka kira motoci kusan 147,000 a Amurka don gyara, a Nuwamba aka sake kiran fiye da 200,000. Ford ma ya kira Mustang Mach-E kusan 49,000 a 2022 saboda makunnin da ke haɗa batir da inji yana zafi. Bakaniken da ya yi saurin cewa inji ya buga zai sa mutum sayen abin da bai lalace ba.

Mu koma ga takardar. Garanti alƙawari ne: kamfani ya ce idan aibin daga ƙira yake ko daga kayan da aka yi amfani da su, cikin shekara kaza ko tafiya kaza, duk wanda ya riga cika, gyara a wuyansa. Malamai da ke nan, Allah ya gafarta muku, kun san ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihu akwai zaɓin da mai saye yake da shi idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, har an kawo misalin dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, aka ba shi damar mayarwa. Bambancin shi ne can mai sayarwa yana kasuwa ɗaya da kai, ka san rumfarsa, ka san dillalin da ya ci la'ada. Nan kuwa wanda ya yi alƙawarin yana Amurka ko Koriya, kuma lauyoyinsa ne suka rubuta sharuɗɗan.

Sharuɗɗan nan su ne ba a karantawa. Adadin da ke bangon littafin yana da daɗin ji: Tesla shekara 8 a kan batir da inji, da iyakar mil 100,000 zuwa 150,000 gwargwadon samfuri, tunda an daina ba da marar iyakar nan a 2020, Kia a Turai shekara 7 ko kilomita 150,000. Amma garanti yana da ƙasa kamar yadda mutum yake da ita. Motar da aka sayar don kasuwar Amurka, alƙawarinta a yankin da aka sayar da ita yake aiki. Ranar da aka ɗora ta a jirgi, motar ta taho, alƙawarin ya tsaya a bakin teku. Ko da ma ya biyo ta, sai da garejin da kamfani ya amince da shi ake cika shi, kuma Tesla ba shi da gareji ko ɗaya a Nijeriya. Sai babbar matsalar: yawancin motocin da muke kira 'yan Amurka daga gwanjon Copart da IAAI ake ɗauko su, wato waɗanda kamfanin inshora ya biya mai su ya yafe su saboda haɗari ko ambaliya. Da an buga wa mota wannan hatimi garanti ya faɗi, ko jiya ta fito daga masana'anta. Bayan guguwar Ian da ta afka wa Fulorida a Satumban 2022 an ga motocin lantarki da ruwan gishiri ya shanye suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Irinsu ma gwanjo ake kai su.

Wanda kuma ya sayi sabuwa dal a hannun wakilin kamfani a nan gida, shi yana da garanti na gaskiya, amma ɗabi'unmu na hanya suna iya cinye masa shi. Mota ta tsaya, me muka saba yi? A nemo igiya a ɗaura a bayan wata a ja. A motar lantarki, musamman mai maganaɗisu a cikin amecha, idan taya yana juyawa inji ma yana juyawa, ya koma janareta yana tura wuta cikin inbatan da ke kashe. Littafin Tesla ya ce a ɗauke ta tayoyi huɗu a sama, kuma ɓarnar da ja ya haifar ba ta cikin garanti. Damina ta zo, kwata ta cika ta malalo titi, direba ya ce ai babu kafireta balle ta sha ruwa, ya kutsa. Ɓarnar ambaliya ma ba ta ciki. Ruwan sanyaya inji ya ragu, yaron gareji ya ɗauko jarka ya ɗura na famfo kamar yadda yake yi wa lagireton tsohuwar Golf. Wasu motocin nan ruwa na musamman suke sha, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa sosai. Kuma motar tana rubuta komai: zafinta, gudunta, ranar da aka ja ta. Ba a yi mata rantsuwa.

Ba kullum laifin mai mota ba ne, wannan ma a faɗa. A Disamban 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa bincike daga takardun cikin gida na Tesla, inda ya nuna an riƙa ɗora wa direbobi laifin karyewar wasu sassan ƙafa da sitiyari, ana cajinsu kuɗin gyara, alhali injiniyoyin kamfanin sun daɗe suna bin diddigin lalacewar sassan. Shi ya sa ƙasashen da suka daɗe da harkar ba su bar mai saye da takardar kamfani kaɗai ba. Amurka tana da dokar garanti ta tarayya tun 1975, jihohi kuma suna da dokar da ke tilasta karɓar motar da ta ƙi gyaruwa. A Kalifoniya, idan cikin wata 18 na farko ko mil 18,000 an kai mota sau 4 kan matsala ɗaya ba ta warke ba, ko ta kwana fiye da 30 a gareji, doka tana ɗaukar cewa mai ita ya cancanci a canja masa ko a mayar masa da kuɗinsa. Kwana 30 ɗin nan ya fi burge ni, domin a motar lantarki wahalar ba ta cika zama ƙin gyara ba, jiran kayan gyara ne. A Ingila dokar 2015 ta ce aibin da ya bayyana cikin wata 6 na farko ana ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. Mu ma muna da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke kula da ita, kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Sai dai hukuma da takarda take aiki. Cinikin da aka yi a bakin titi, aka tafa, aka yi addu'a, ba rasit ba rubutu, da me za ka je?

Kuma a bambance garanti da kiran gyara. Garanti yana ƙarewa. Kiran da kamfani yake yi idan an gano aibi mai haɗari yana bin motar ne ko a hannun wa take, kuma kyauta ne a inda akwai wakili. Lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 ita ce mabuɗi. A shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ana sa ta a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba, kuma da wannan lamba ake tono tarihin gwanjo.

Da ita na tono wa wani aminina nasa, kuma da labarinsa zan sauka. Ɗan kasuwa ne, ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi irin motar ko wanda ya sayar masa ba. Bara ya kira ni da murna in zo in ga abin da ya saya. Fara ce sol, kujeru suna ƙamshi, a cikin aljihun gaba ga littafin garanti a leda, dillali har ya ja masa layi da biro a ƙarƙashin shekara 8. Bayan wata huɗu ya sake kirana, murya ta sauya: "Malam, motar nan tana wani kuka kamar ana niƙa a nesa." Muka hau, na ce ya kashe rediyo da na'urar sanyi, ya taka a hankali. Daga gudun kilomita 30 kukan yake farawa, yana ƙaruwa da gudu, ko ya ɗaga ƙafa bai daina ba. Na karɓi lambar shasi na sa a waya. Ga motarsa a filin gwanjo, an rubuta lamba da farin alli a gilashi, ga zanen laka a jikin ƙofa daidai inda ruwa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon hoton bai ce uffan ba, can ya ce, "Ashe cinikin biri a sama na yi." Duk da haka muka rubuta wa kamfanin. Amsar ta zo cikin ladabi, layi uku: motar ta fita daga yankinta, kuma inshora ya riga ya yafe ta.

Da na ga ba sarki sai Allah, na nemo mutum biyu: wani matashin bakanike da ya iya karanta na'urar binciken mota, da dattijon da ya shekara 30 yana naɗin kwail ɗin injinan burtsatse. Kanikawa, a nan ku saurare ni da kyau, don wannan ba wurin gwaji ba ne. Duk wayar da kuka gani mai ruwan lemo a motar lantarki, kisa take yi. Sai da muka sayo safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, muka cire ƙaramin batir, muka zare makatsin babban, muka jira mintuna don wutar da inbata yake riƙewa ta sauka, muka auna da mita muka ga sifili, sannan aka ɗauki sifana. Kwana biyu muka yi kafin dunƙulen ya sauka a kan benci.

Dattijon nan bai taɓa shiga motar lantarki ba. Da aka buɗe, ya sa hannu ya juya amecha a hankali, ya kara kunne, ya shinshina kwail ɗin, ya ɗauko mitarsa ya auna tsakanin waya da jiki, sannan ya ɗago ya ce, "Wannan ai bai ƙone ba, ɗana. Boris ne." Da muka fasa boris ɗin, giris ya zama kamar kunun kanwa saboda ruwan da ya shiga, zoben kuma ya yi tsatsa da layi-layi. Lambarsa tana jikinsa. Na ƙarfe irin girmansa akwai shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma mai ƙwallayen tangaran sai da aka yi odarsa daga waje, tare da sababbin sil, muka jira mako 7. Kuɗin kayan da na aikin gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 10 na abin da aka faɗa masa na tsohon dunƙule daga Dubai ba. Ranar da muka mayar, dattijon ya ce lallai sai an ɗauke shi a ciki. Ya zauna a gaba, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya hana kowa magana har muka yi kilomita 10 muka juyo. Da ya sauka ya ce wa aminina ya dawo da ita bayan damina a sake auna kwail ɗin, don shi bai yarda ruwan nan ya gama fita ba.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.